Guguwar Santa Brígida

"Sau uku!" in ji Don Telo, ya ɗaga yatsu uku har ya kusa tsone wa abokin wasanmu Bienve ido. "Kisa biyu sau uku a wasa ɗaya, da wannan hannun da kuke gani. Ku je ku tambayi duk wanda ya taɓa aiki a masana'antar sukari ta Santa Brígida. Ranar har injin matse rake aka kashe don ma'aikata su fito kallona."

Ba mu da wanda za mu tambaya. Santa Brígida tana can gabas, tafiyar rabin yini daga garinmu Salcedo, kuma ciyawa ta cinye ta tun kafin in yi aure. Shaidarsa guda ce, wani tsohon hoto da ya rataye a shagonsa na ƙusa da fenti. 'Yan wasa ne jere cikin fararen kaya, shi kuma yana can ƙarshen layi, siriri, yana washe baki. Daidai kafaɗarsa ta dama hoton ya ƙare. In ka tambaye shi ina hannun ya tafi, sai ya ce gara ce ta ci. Ni dai wanzami ne, shekara talatin ina riƙe da almakashi, ban taɓa ganin garar da ke cin takarda a miƙe haka ba. Amma na ja bakina na yi shiru, don duk mako biyu yana zuwa aski, alhali gashin da ya rage masa ba ya buƙatar kowa.

Sunana Milcíades, ana ce mini Milo. Shekarata hamsin da biyar, ni ne autan Kakannin Salcedo, ƙungiyar sofbol, wasan buga ƙwallo da sanda a zagaya tashoshi da gudu, ta mutanen da gwiwoyinsu ke sanar da zuwan hadari. Aikina biyu. Na farko, tun da gwiwar Don Telo ta kumbura shekara biyar da suka wuce, ni ne ƙafarsa: shi ya buga ƙwallo, ni in yi masa gudun. Na biyu, ni ke tsaron tasha ta ɗaya, saboda haka duk kisa biyu a hannuna ya kamata ya ƙare. A baki abin ba wuya. Akwai mai gudu a tasha ta ɗaya, mai bugu ya buga ƙwallo ta gangaro ta ƙasa, a cafe a jefa tasha ta biyu kafin na farkon ya isa, daga can a wurgo mini kafin mai bugun ya iso. Mutum biyu sun fita ke nan a numfashi ɗaya. Shekara uku rabonmu da yin haka, kuma duk shekarun nan Don Telo ne a tasha ta biyu, inda abin ke zuwa ya mace.

Ranar da ya ɗaga yatsun nan Litinin ce, muna teburin domino a ƙofar kantin unguwa, jiya-jiya an gama lallasa mu. Profe Nicanor, tsohon malamin makaranta, wanda shi ne kocinmu kuma shi ke jefa mana ƙwallo, ya ajiye ƙwayar dominonsa a hankali.

"Telo, na ji sau uku. Ni sau ɗaya nake nema. Lahadi ta sama Dattawan Tenares za su zo. In aka tashi ba kisa biyu, za a ƙara maka girma."

A ƙungiyarmu ba a korar kowa, ƙarin girma ake yi. A raka ka gindin mangwaron da ke gefen fili, a ba ka kujera, a ba ka wuƙa da buhun rogo, ka zama mataimakin matan da ke dafa mana sancocho, farfesun nan mai kauri da muke ci bayan wasa, mu da baƙinmu. Shugabar tukunyar kuwa Doña Fefa ce, matar Don Telo.

"Ni?" ya ce. "Ni za a ba wuƙa? Nicanor, ni da ko ruwan kofi ban taɓa ɗorawa a wuta ba?"

"Za ka koya. Fefa tana da haƙuri."

"Fefa ba ta da haƙuri!"

"To ka yi kisa biyu."

Don Telo ya sa hannu ya wargaza wasan da Bienve ke gab da ci, ya jera ƙwayoyi huɗu kamar tashoshi. Bienve shi ne mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku, tsohon direban babbar mota, kunnensa na hagu ya yi ritaya tare da motar.

"Ku matso ku ga ilimi," in ji Don Telo. "Wannan ita ce Guguwar Santa Brígida. Hawa uku gare ta. Na ɗaya, alama, don kowa ya san wanda zai taka tasha. Na biyu, juyi: in cafe, in yi tsalle, in juya a sama, in saki ƙwallo tun kafin ƙafata ta sauka. Na uku sirri ne."

"Ni ga tawa," in ji Profe. "Ku biyun ku matso kusa da tasha da taku uku-uku. Ku kashe na gaba tukuna, a natse, da jifan ƙasa-ƙasa. In lokaci ya rage, a jefo wa Milo. In bai rage ba, ka rungume ƙwallonka kamar jikarka."

"Wannan wasan matsorata ne."

"Wasan masu shan maganin hawan jini ne, Telo, kuma dukkanmu muna sha."

"Me ya ce?" in ji Bienve.

"Ya ce ka ci wasan," na ce masa.

Alhamis da la'asar aka fara atisaye. Alamar ita ce in Don Telo ya taɓa hula, Bienve ne zai taka tasha. In ya taɓa bel, shi da kansa. Abin da bai lissafa ba shi ne rana tana dukansa, kuma wandonsa tun bara ya daina jituwa da tumbinsa. Ya ɗaga hula ya share gumi, Bienve ya ruga tasha. Ya ja wando, Bienve ya koma. Ya share gumi da hannu ɗaya yana jan wando da ɗayan, Bienve ya tsaya a tsakiya yana rawa kamar mai jin fitsari. Da Profe ya gangaro musu ƙwallo ta gaske, su biyun suka isa tasha tare, tumbi ya gamu da tumbi, suka zauna a ƙasa suna kallon juna, ƙwallo ta wuce ta tsakaninsu abinta.

"Hula na taɓa!"

"Da wando!"

"Wandon ba alama ba ne, faɗuwa yake yi!"

"To ni ina zan san ranar da yake alama da ranar da yake faɗuwa?"

Sai aka koma usur. Ya hura har jijiyar wuyansa ta tashi. Bienve bai ji ba, don ta kunnen hagu tasha ta biyu take gare shi. Waɗanda suka ji su ne karnuka huɗu na unguwa, da wani ɗan acaɓa da ya shigo har tsakiyar fili yana tambayar wa zai kai kasuwa.

"Ajiye usur ɗin," in ji Profe. "Yi masa ihu kamar yadda matarsa ke yi."

Aka gangaro ƙwallo. Don Telo ya cika ƙirji ya daka tsawa: "Bienve, NAKA!" Tare da kalmar haƙoran robarsa na sama suka fito, suka tashi fari fat cikin iska. Bienve, wanda idonsa ma ba na saurayi ba ne, ya ga farin abu ya nufo shi. Ya cafe, ya taka tasha, ya juya ya wurgo mini. Na miƙa safar kamu, abu ya shiga caf.

Na rantse da kabarin mahaifiyata, cikin shekara uku wannan ne jifa na farko da ya iso hannuna a kan lokaci.

"Ya fita!" in ji Profe, yana riƙe ciki.

Don Telo ya tako da dogarawa, ya karɓi haƙoransa, ya goge a riga ya mayar. "Kun dai ga saurin," ya ce. "Ƙwallo kawai ta rage a saka a ciki."

Juyin kuwa sau bakwai ya gwada shi. Tsallen bai kai a zura takarda a ƙarƙashin takalminsa ba, kuma sau bakwai ƙwallo ta bi ta saman kaina ta nufi gindin mangwaro. Doña Fefa tana can ta zo duba itacen girki. A karo na bakwai ta ɗauki ƙwallon, ta juya ta a hannu.

"Eleuterio," ta kira shi da cikakken sunansa, "ko ƙwallonka ta san inda za ka ƙare. Kujera mai jingina kake so ko marar jingina?"

Sirrin hawa na uku a shagona ya fara fashewa, don labari kan biyo ta wurin wanzami kafin ya isa gidan mai shi. Wani direban bas ya ce kwana uku a jere yana kai Don Telo garin Tenares, sanye da malafa da baƙin tabarau. Wata mai sayar da cuku ta ce ta gan shi tsaye a ƙofar kantin magani yana ta duban agogo. Kafin Laraba rabin Salcedo sun yanke hukunci: tsohon ya yi budurwa. Mata biyu suka ɗauki ƙafa suka je yi wa Doña Fefa jaje.

"Budurwa?" ta ce. "Allah ya sa gaskiya ne. Ku gaya mata farar ƙwayar da safe ce, ja da rana, kuma yana minshari. Abin da nake nema agogon kicin ɗina ne, mai siffar kaza. Kwana uku ina ƙona shinkafa."

Ranar Juma'a ya zauna a kujerata, na shafa masa kumfa, sai ya fito da agogon kazar daga aljihu, da wata takarda.

"Milo, na auna su kaf. Kowane tsoho a Tenares na san gudunsa. Amma akwai wani sabo, bana ya zo zama wurin 'yarsa, Casimiro sunansa. Sanƙo, tumbi, sanda, ƙugun ƙarfe likita ya sa masa. Ba sa fito da shi sai zangon ƙarshe, don bai taɓa kuskuren ƙwallo ba, amma kullum ta ƙasa yake buga ta. Daga bencin da yake zama zuwa kantin magani, nisan gida, inda mai bugu ke tsayawa, zuwa tasha ta ɗaya ne cif, na auna da ƙafata. Ka san nawa ya ɗauka? Daƙiƙa ashirin da shida!"

"Tafiya yake yi ai, ba gudu ba."

"Na gwada shi. Na laɓe bayan mota na yi ihu, 'Mahaukacin kare!' Kowa ya watse, har limamin coci ya haye benci. Shi kuwa ashirin da huɗu. Kunkuru ne, Milo! A kansa ko shan kofi zan iya yi a tsakiyar juyi."

Na tsayar da aska. "Don Telo, amma fa ka tuna, kai ma in ka buga ƙwallo..."

"Yaro, ranar da nake kisa biyu a Santa Brígida kana tsotsar yatsa. Yi askinka."

Na yi askina.

Lahadi tun ƙarfe tara fili ya cika. Mutanen Tenares sun zo mota biyu da ganga da kwandon giya mai sanyi. A gindin mangwaro an girka tukunyar da mutum zai iya wanka a ciki, Doña Fefa na tsaye a kanta da ludayi. Kusa da ita akwai kujera guda, babu kowa a kai, an ɗora mata wuƙa. Duk sanda Don Telo ya waiga, sai ta ɗan shafa kujerar.

Wasa ya yi kyau, in ka cire cewa sau biyu damar kisa biyu ta zo, sau biyu Don Telo ya riƙe ƙwallo yana ɗaga wa jama'a hannu. "Ba yanzu ba! Guguwa ba ta tashi don ƙananan mutane!"

Aka zo zangon ƙarshe muna da ci tara, suna da takwas. Mun fitar da mutum ɗaya, saura biyu mu tashi da nasara. Suna da mai gudu a tasha ta biyu. Wanda ya shigo bugu wani ramammen tela ne da bai taɓa ƙwallo ba tun safe. A bayansa kuwa, ga wani tsoho ya jingine sandar dogarawa ya ɗauki ta bugu. Casimiro.

Don Telo ya tsayar da wasa, ya je wurin Profe, ni ma na matsa.

"Ba telan nan tasha kyauta."

"Telo, mutumin nan ko kankana aka jefa masa ba zai same ta ba."

"Ina buƙatar mutum a tasha ta ɗaya. Tsohon can nake so. Ashirin da huɗu, Nicanor!"

Profe ya buɗe baki, ya dube ni. Na dubi sama. Ya rufe bakin, ya sake buɗewa. "Wuyanka ne. Amma ka ji ni da kyau: ka taka tasha, a kashe na gaba. Sauran nafila ne."

Aka ba tela tasha kyauta, ya tafi yana waige, bai yarda ba dabo aka yi masa ba. Casimiro ya jawo ƙafa ya iso gida, kusan sai da rana ta gusa. Don Telo yana murmushi yana murza hannu.

Sai wani dogo, baƙi, marar tumbi ko kaɗan, ya fito daga bencin Tenares, ya tsaya bayan alƙalin wasa, ya dafa shingen waya da hannu ɗaya, ya duƙa kamar mai jiran harbin bindiga. Radhamés ke nan, wanda ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu a ƙafa, karnukan Tenares duka sun san bayan wandonsa amma babu wanda ya taɓa kama shi. Watan jiya ya cika hamsin da biyar.

"Kai! Kai! Alƙali!" Don Telo ya taho yana ɗingishi. "Wannan kuma me yake yi a nan?"

"Aron ƙafa," in ji alƙali. "Don Casimiro na da takardar likita. Shi zai buga, wannan ya yi gudu."

"Wace irin doka ce wannan? Wane ɗan iska ya kawo ta?"

Alƙali ya cire abin rufe fuskarsa. "Kai ne, Don Telo. Shekara biyar da suka wuce, a taron ƙungiyoyi. Har kuka ka yi, ka naɗe wando ka nuna mana gwiwa. Yau ma sau uku Milo ya yi maka gudu."

Daga bencin Tenares wani ya ɗaga murya: "A ba shi agogon kazarsa ya auna wannan!" Ganga ta amsa. Ashe tun ranar farko sun gane mai malafar.

Don Telo ya koma wurinsa. Ya taɓa hula, ya ja wando, ya sake taɓa hula. Bienve ya yi abin da ya fi hankali a rayuwarsa, ya rufe ido bai kalle shi ba.

Profe ya jefa. Casimiro ya ɗan taɓa ta, ƙwallo ta gangaro wurin Bienve a hankali kamar an aiko ta da gaisuwa. Ya duƙa ya ɗauka, ya miƙa wa Don Telo ita ƙasa-ƙasa, kyakkyawan jifa. Don Telo ya cafe. Taku ɗaya ne tsakaninsa da tasha, tela kuwa ko rabin hanya bai yi ba. Radhamés ya riga ya wuce ni, iskarsa ta ɗaga mini riga.

"Taka ka riƙe!" in ji Profe. "Taka ka riƙe!"

Ina! Guguwa ta riga ta taso. Bai taka tashar ba, tsallake ta ya yi. Ya juya a sama, ko in ce a inda ya ɗauka sama ne, sai muka ji ƙas! daga bayansa, har bencin baƙi aka ji. Ya sandare a duƙe, fuska na kallon ƙasa, hannu kuma ya saki ƙwallo inda ya saba.

A filinmu babu katanga ta ɓangaren mangwaro, don haka doka ta ce ƙwallo tana da rai duk inda ta je, sai fa in ta faɗa tukunya. Da ta faɗa, da an tsayar da wasa mun tsira da kunnen doki. Saura kaɗan ta faɗa. Doña Fefa ce ta ga abu zai lalata mata girki, ta sa hannu ta kare. Ƙwallo ta daki tsintsiyar hannunta, ludayi ya yi sama, ƙwallo ta shige cikin tarin ɓawon rogo.

Na ruga. Na taka ɓawon ayaba na zauna a cikin kwanon kabewa. Mata na ihu, kaji na tashi, ina tonon ɓawo da hannu biyu. Mai gudunsu na tasha ta biyu ya shiga gida, tara da tara. Tela na tafe yana haki tsakanin tasha ta uku da gida, Radhamés na biye da shi a baya yana taka rawa, don doka ta hana shi wuce shi, yana ta yi masa ihu.

"Ɗaga ƙafa, maigida, ɗaga ƙafa! Miya na jira!"

Tela ya faɗi a kan gida da ciki. Goma da tara.

An nemi kisa biyu, an tashi ba a kashe ko sauro ba. Har yanzu Don Telo na tsakiyar fili a duƙe kamar mai neman allura. Mu huɗu muka ɗauke shi yadda yake, ganga na binmu, muka kai shi gindin mangwaro. Profe ya cire masa safar kamu da ladabi.

"Ina taya ka murnar ƙarin girma."

Kujerar ma ba ta yi amfani ba, don bayan ya ƙi lanƙwasuwa ya kuma ƙi miƙewa. Doña Fefa, hannunta naɗe da tsumma da ƙanƙara, ta auna shi da ido, ta ga tsayinsa a duƙe ya yi daidai da bakin tukunya.

"Ka karya mini hannu, ga baƙi arba'in. Riƙe ludayi. Juyawa kawai za ka yi, tunda juyi ne gwanintarka."

Muka koma domino da giya, ina satar kallonsa. Da farko yana juyawa yana ƙunƙuni. Can sai na ga hancinsa ya motsa. Ya ɗebo romo ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska. Ya waiga hagu, ya waiga dama.

"Wa ya zuba kabewa tun yanzu?" ya ce ƙasa-ƙasa. "Kuma wannan wutar ta gidan biki ce? Ku zare itace biyu. Ke, Mercedes, goga mini ɗanyar ayaba uku. Lemon tsamin nan kada wanda ya matsa shi sai an sauke. Akwai rake a motar mutanen Tenares? A samo mini gaɓa biyu."

Ya fere raken da sara uku, wuƙa na walƙiya a hannunsa, ya fasa gaɓoɓin ya jefa cikin tukunya. Matan suka dubi juna. Doña Fefa ta gyara zama ta zuba masa ido.

Ƙarfe biyu aka raba. Ban san yadda zan gaya muku ba. Fili mai mutum sittin ya yi shiru, ba ka jin komai sai cokula. Bienve ya ce har kunnensa na hagu ya buɗe.

Don Casimiro na zaune a kujerar da aka tanadar wa Don Telo. Ya kai cokali ɗaya baki, ya tsaya. Ya kai na biyu. Ya tona kwanon, ya ɗago wani ɗan guntun rake da ya ɓuya a ƙasa, ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya dafa wannan?"

Aka nuna masa. Ya dogara sanda ya tashi, ya yi daƙiƙoƙinsa ashirin da huɗu, ya duƙa ya leƙa fuskar Don Telo ta ƙasa, don ta nan kaɗai ake ganinta.

"Rake a cikin sancocho. Mutum ɗaya na sani a duniya mai yin haka." Sai ya fashe da dariya, ya rungume shi. "Telo Ludayi! Kai ne? Shekara arba'in da bakwai! Jama'a, ga kukun ƙungiyarmu ta Santa Brígida! Ba ka gane ni ba? Miro ne! Miro Walƙiya, na tasha ta biyu! Gashin ne ya tafi, tumbin ya zo."

"Ba... ban san ka ba, malam."

"Haba! Hotonmu na rataye a ɗakina. Kana can ƙarshen layi, ka ɗaga ludayi sama kamar tuta!"

Na ajiye kwanona don kada in ƙware. Profe ya share baki a natse.

"Don Casimiro, an ce a can wani ya taɓa yin kisa biyu sau uku a wasa ɗaya."

"Sau uku! Har inji aka kashe. Ya aka yi labarina ya iso Salcedo?"

Doña Fefa ta miƙe tsaye. "Shekara talatin, Eleuterio. Shekara talatin ina dafa maka, kana kwance kana ce mini gishiri ya yi yawa, wai kai hannunka na wasa ne."

Don Telo ya dubi tukunya, don babu inda wuyansa zai iya kallo sai nan. Ya yi gyaran murya.

"To... ai tare muka yi. Ina wurin. Da idona na ga komai, kamar ni ne..."

"Wane ido?" in ji Casimiro. "Kana bayan rumfa kana fere rogo tun safe. Da aka tashi ni na zauna a kan buhu na ba ka labarin, har ka sa na maimaita sau biyu." Ya miƙa masa kwano. "Ƙaro mini, Ludayi. Ka tono daga ƙasa."